Kundin Aiki: Bin Sawun Band 3 a Tantanin Jar Ƙwayar Jini

3 ga Fabrairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda aikin kwaikwayon kwamfuta yake tafiya, tun daga tambayar da ta haife shi har zuwa abin da lissafi ya bayar. Tun shekarar 1970, lokacin da Frye da Edidin suka haɗe ƙwayar halittar ɓera da ta mutum a Jami'ar Johns Hopkins, suka ga furotin na ɓangarorin biyu sun gauraye cikin kimanin minti 40, aka san cewa tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta ba a daskare yake ba. A 1972 Singer da Nicolson suka bayyana shi a matsayin shimfiɗar maiƙo mai ruwa-ruwa, wadda furotin suke yawo a cikinta. Sai dai da aka fara auna saurin wannan yawo, an tarar cewa a ƙwayar halitta ta gaske ya yi ƙasa da na tantanin da aka haɗa a ɗakin gwaji da ninki biyar zuwa hamsin. Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce cunkoson furotin a cikin tantani. Abin da nake son ganewa shi ne kaso nawa na wannan jinkiri cunkoso zai iya ɗauka shi kaɗai, da kuma abin da ya ɗauki ragowar.

Na zaɓi jar ƙwayar jini saboda ita ce wadda aka fi sanin tantaninta, kuma daga gare ta Gorter da Grendel suka gano a 1925 cewa maiƙon tantani ruɓi biyu ne. Furotin da zan bi shi ne Band 3, wanda yake musayar bikabonet da kulorayid tsakanin cikin ƙwaya da wajenta, kuma akwai kimanin miliyan ɗaya nasa a kowace ƙwaya. Akwai ma'aunai biyu da zan riƙa gwada sakamakona da su. Dupuy da Engelman sun ƙiyasta a 2008 cewa furotin sun mamaye aƙalla kashi 23 cikin ɗari na filin tsakiyar wannan tantani. Sheetz, Schindler da Koppel kuma sun nuna a 1980 cewa a jinin ɓerayen da ba su da isasshen sifektirin, wato zaren da ya saƙa raga a ƙarƙashin tantani, furotin suna bazuwa da saurin da ya ninka na masu lafiya kusan sau 50.

10 ga Fabrairu, 2025

An gina allon farko da Python da NumPy, kayan rubuta lissafi a kwamfuta. Allo ne mai gidaje murabba'ai, molekul ɗaya yana zaune a gida ɗaya, kuma a kowane taki yana zaɓar ɗaya daga cikin maƙwabta huɗu ba tare da fifita wani ba. Idan ya fita ta gefen dama sai ya shigo ta hagu, domin kada iyakar allo ta zame masa bango. Ba a sa wani cikas ba tukuna. Matsakaicin murabba'in nisan da ya yi daga mafarinsa yana hawa daidai da lokaci, layi miƙaƙƙe, kamar yadda ka'idar Einstein ta 1905 ta tanada, wadda a fili mai tsawo da faɗi take bayar da 4Dt, inda D yake nufin saurin bazuwa, t kuma lokaci. Wannan D na fili marar kowa shi ne mizanin da zan riƙa raba duk sauran da shi.

24 ga Fabrairu, 2025

An cika allo da maƙwabta masu motsi, kowannensu yana bin ƙa'ida ɗaya da molekul ɗin da ake bi: idan gidan da ya zaɓa akwai wani a ciki, sai ya tsaya a inda yake har taki na gaba. Da aka cike kashi 23 na gidaje, saurin bazuwa ya sauko zuwa kimanin kashi biyu cikin uku na asali. Da aka cike rabin allo, ya dawo kaɗan sama da kashi ɗaya cikin uku.

Abubuwa biyu ne suka haɗu suka jawo wannan ragi, kuma na raba su a lissafi domin in ga nauyin kowanne. Na farko a fili yake: wani kaso na yunƙurin motsi yana faɗuwa saboda an riga shi gidan. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Duk lokacin da molekul ya yi taki, gidan da ya bari a bayansa tabbas fanko ne a wannan lokaci, alhali sauran ukun ba tabbas, saboda haka damar ya koma baya ta ɗan fi ta ya ci gaba. A allon da ya kusa cika maƙil, wannan komawa baya kaɗai tana rage saurin zuwa 0.467 na abin da za a yi tsammani, adadin da masana kimiyyar ƙarafa suka daɗe da sani daga nazarin yadda atom yake canza gurbi. Allona yana doshin wannan adadi idan aka cika shi sosai, kuma hakan ya ba ni natsuwa game da ginin.

Abin lura shi ne, komai yawan maƙwabta masu motsi, hanya ba ta toshewa gaba ɗaya muddin akwai gida ko ɗaya da babu kowa, kuma layin yana komawa miƙaƙƙe bayan ɗan lanƙwasa na farko. Ragin kashi ɗaya cikin uku kuwa bai kama ƙafar ninki 50 ba.

7 ga Maris, 2025

Yanzu an kafe maƙwabtan, ba sa motsi ko kaɗan, kuma a nan ne aikin ya fara nuna abin da ya sa Michael Saxton na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya shafe shekaru yana irin wannan lissafi tun daga 1987. Da kashi 23 ɗin nan dai, saurin ya faɗo ƙasa da rabi, maimakon kashi biyu cikin uku. Yawan cikas bai canza ba, filin da suka mamaye bai canza ba, kafewarsu kawai ta ƙaru. Wanda ya taɓa kutsawa cikin kasuwa ranar cinta ya san bambancin: jama'a komai yawansu suna gusawa su ba da hanya, amma lungun da rumfuna suka toshe sai dai a juyo a sake wata hanya.

Da na ci gaba da ƙara cikas, saurin ya riƙa zubewa da gaggawa har ya ɓace a wajen kashi 40.7 cikin ɗari. Wannan ba adadin allona ba ne kawai. Sananniyar iyaka ce a lissafi: a allon murabba'ai, idan gidajen da suke buɗe suka gaza kashi 59.3, ba a samun hanya ɗaya da ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, sai tafkuna rarrabe waɗanda duk wanda ya faɗa ɗaya ba ya fita. A allo mai maƙwabta shida iyakar tana kan rabi daidai.

Na daɗe ina kallon sawun molekul ɗaya a allon da aka cike kashi 39. Yana shiga wani aljihu mai gidaje kamar goma sha biyu wanda ƙofarsa gida ɗaya ce, ya yi ta kai da komo a ciki, ya zo bakin ƙofar ya koma, sannan can ya fita ya bi wani siririn lungu da sauri, ya sake faɗawa aljihu na gaba wanda ya fi na farko girma. Aljihunan nan suna da girma iri-iri, ƙanana a cikin manya, shi ya sa duk tsawon lokacin da aka ba molekul sai ya gamu da tarkon da ya dace da wannan tsawon. Sakamakon haka murabba'in nisa ba ya hawa daidai da lokaci, yana hawa ne da lokaci a ɗage zuwa wani ƙarfi da ake kira alfa, wanda bai kai 1 ba. A daidai iyakar toshewa alfa yana wajen 0.7, kamar yadda ka'ida ta tanada. Ƙasa da iyakar kuwa, wannan baƙuwar bazuwa ta ɗan lokaci ce: idan aka jira har molekul ya wuce girman aljihu mafi girma, alfa yana komawa 1, sai dai da D ƙarami. Ina ganin wannan batu yana da muhimmanci ƙwarai, domin yana nufin mutum biyu za su iya auna tantani ɗaya, ɗaya ya ce bazuwar ta saba, ɗaya ya ce ta kauce, kuma dukansu su yi gaskiya, saboda tsawon lokacin da kowanne ya kalla ya bambanta.

21 ga Maris, 2025

Na kai wa Malam zane-zanen makonnin da suka wuce. Ya dube su, sannan ya tambaye ni girman molekul ɗin da nake bi idan aka kwatanta da cikas. Na ce, "Malam, a allo dai kowa gida ɗaya ne." Ya ce to a tantani ba haka ba ne, molekul na maiƙo bai kai nanomita ɗaya (kashi ɗaya cikin biliyan na mita) a faɗi ba, Band 3 kuwa yana tafiya ne bibbiyu a manne, ya ninka shi sau da yawa, don haka in bar allo in koma fili sosai mai da'irori.

Na yi hakan, kuma lissafin da ke bayansa yana da sauƙi. Tsakiyar molekul mai tafiya ba za ta iya kusantar tsakiyar cikas fiye da jimillar rabin faɗinsu ba, saboda haka ana iya mayar da mai tafiya ɗigo, a kumbura kowane cikas da rabin faɗin mai tafiyar. Idan an watsa da'irori barkatai, har wasu na hawa kan wasu, hanya tana toshewa ga ɗigo ne lokacin da suka rufe kusan kashi 68 na fili. Amma idan mai tafiya girmansa ɗaya da cikas, kumburin yana ninka faɗi biyu, fili kuma huɗu, sai toshewar ta zo tun jimillar filin cikas na ainihi tana wajen kashi 28. Ke nan tantanin da yake a buɗe ga maiƙo yana iya zama a rufe ga furotin da ke zaune kusa da shi.

Da farko wannan ya yi kama da amsa, tunda 28 ba shi da nisa da 23. Sai dai ba dukan furotin na jar ƙwayar jini ne a kafe ba. Na Band 3 kansa, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne yake ɗaure da raga ta hanyar ankirin da wasu furotin masu haɗawa. Da na kafe kashi ɗaya cikin uku na bar sauran suna motsi, jinkirin ya ƙaru a kan na watan jiya, amma ya tsaya a ninki kaɗan, nesa da hamsin.

9 ga Afrilu, 2025

An sa shinge. Aikin da na dogara da shi shi ne na Tomishige, Sako da Kusumi na 1998, waɗanda suka liƙa wa Band 3 ƙwayar zinare mai faɗin nanomita 40 suka bi ta da kyamara mai sauri. Sun ga kashi biyu cikin uku da ba a ɗaure ba suna yawo a cikin keɓaɓɓen fili mai faɗin kimanin nanomita 110, da saurin murabba'in maikromita 0.53 a daƙiƙa (maikromita ɗaya nanomita dubu ce), sannan su tsallaka zuwa na kusa a matsakaicin kowane milisakan 350. A dogon zango saurin ya zama 0.0066 kawai, ragin da ya kai ninki 80. Abin da ya fi gamsar da ni a aikinsu shi ne gwajin da suka yi da tirifsin, sinadarin da ke yanka furotin: da suka yanke jelar Band 3 da ke leƙawa cikin ƙwaya, yawan tsallakawa ya ninka kusan shida, alhali girman keɓaɓɓen filin da saurin yawo a cikinsa ba su canza ba. Wannan ya nuna jelar ce take sarƙewa da sifektirin, wato shingen yana ƙarƙashin tantani ne, ba a cikin maiƙon ba.

A kwaikwayona na zana murabba'ai masu gefen nanomita 110, na ba molekul wata ƙaramar dama ta wucewa duk lokacin da ya bugi layi. Zanen murabba'in nisa ya fito da zango uku a bayyane. A milisakan na farko yana hawa da saurin fili marar shinge. Daga nan ya kwanta a wajen murabba'in maikromita 0.004, wanda shi ne murabba'in gefe raba uku. Can bayan ɗaruruwan milisakan ya sake tashi a hankali. Molekul yana ratsa ɗakinsa cikin kimanin milisakan 6, ke nan yana yin zirga-zirga kusan sittin kafin ya samu fita, kuma saurin dogon zango, wato murabba'in gefe raba ninki huɗu na lokacin zama, ya zo wajen 0.009.

Ragin da wannan adadi ya bayar, kusan ninki 60, ya faɗo tsakanin na Sheetz da na Tomishige, amma bai kamata a ɗauke shi a matsayin hasashen da ya tabbata ba, domin damar wucewar ni na daidaita ta har ta ba da milisakan 350. Abin da kwaikwayon ya tabbatar ya fi haka ƙanƙanta: shinge yana iya ba da jinkirin ninki hamsin da adadi masu ma'ana, cunkoso kuwa, a yawan da aka auna, bai iya ba. Shi ma wannan lokacin zama yana da sababi na zahiri da ya kamata a lissafo shi daga tushe, domin zaren sifektirin yana lilo, kuma mahaɗar da ke tsakiyarsa tana kwancewa ta sake ɗaurewa, wanda hakan yake buɗe ƙofa na ɗan lokaci.

28 ga Afrilu, 2025

Makonnin nan sun tafi ne a kan kyamara, wato na ɗauki sawun da kwamfuta ta samar, wanda na san gaskiyarsa, na lalata shi yadda na'ura take lalata na gaske. Abu na farko shi ne saurin ɗauka. A bidiyo na yau da kullum hoto ɗaya yana cin milisakan 33, kuma a wannan lokaci Band 3 ya zagaye ɗakinsa sau biyar ko shida, don haka abin da hoton yake nunawa matsakaicin wurarensa ne, wanda kullum yake kusa da tsakiyar ɗaki. Zango na farko ya ɓace ɗungum, ɗakin kuma ya bayyana ƙarami fiye da yadda yake. Wannan ne ya sa Fujiwara da abokan aikinsa a ɗakin binciken Kusumi suka ɗauki hoto kowane maikrosakan 25 a aikinsu na 2002, inda suka ba da rahoton cewa molekul na maiƙo ma yana zama kimanin milisakan 11 a ɗaki mai faɗin nanomita 230 a ƙwayoyin ƙodar ɓera. Tunda maiƙon da ke ruɓin waje ba ya taɓa ragar aktin, zaren da ya saƙa raga a ƙarƙashin tantanin waɗannan ƙwayoyi, sun bayyana abin da cewa furotin da suka jeru a kan ragar suna aiki kamar turaka.

Abu na biyu shi ne kuskuren gano wuri. Idan na'ura tana kuskuren nanomita 20 a kowane ɓangare, tana ƙara murabba'in maikromita 0.0016 a kan kowane ma'auni, ko da molekul bai motsa ba. Na gwada da molekul mai bazuwa ta yau da kullum a saurin 0.0066, babu shinge babu cikas. A hoto na farko ainihin motsinsa 0.0009 ne kawai, bai kai hayaniyar na'ura ba, kuma alfa ya fito wajen 0.35. Wanda bai cire wannan ƙari ba zai rubuta cewa ya gano baƙuwar bazuwa mai tsanani a inda babu ita. Martin, Forstner da Käs sun yi gargaɗi a kan haka tun 2002. Ita ma ƙwayar zinare tana da nata zargin, domin ta fi furotin ɗin da take ɗauke da shi girma kuma tana iya haɗa da yawa wuri ɗaya, kuma a 2007 Wieser da Schütz, da suka bi furotin CD59 da rini mai haske, ba su ga tsalle daga ɗaki zuwa ɗaki a ƙwayoyin da suka duba ba. Daga yau duk D da zan rubuta zai zo tare da tsawon lokacin da aka auna shi da kuma girman kuskuren da aka ɗauka.

16 ga Mayu, 2025

Dalilin da ya sa na damu da Band 3 musamman shi ne ciwon sikila da zazzaɓin cizon sauro, waɗanda kusan babu dangin da ba su taɓa ba a ƙasar Hausa. A jinin mai sikila himogulobin, furotin mai ɗaukar iskar oksijin a cikin jar ƙwaya, yana saurin lalacewa, kuma lalataccen yana manne wa jelar Band 3 ya tara su dunƙule-dunƙule, abin da Philip Low da abokan aikinsa a Jami'ar Purdue suka nuna a tsakiyar shekarun 1980. Garkuwar jiki tana gane waɗannan dunƙule ta kama su, ƙwayar kuma a cire ta daga jini tun kwananta bai ƙare ba. Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, Plasmodium falciparum, ita ma tana tura nata furotin zuwa ƙarƙashin tantani, su manne da sifektirin, su sauya tsarin ragar.

Tambayar da na sa wa kwamfuta ita ce yadda dunƙulewa take rage tafiya. Ka'idar Saffman da Delbrück ta 1975 ta ce a tantani marar cunkoso girma ba ya da tasiri sosai, domin saurin yana raguwa ne da logaridim na faɗi: idan aka ɗauki tsawon da ke auna kaurin maiƙo a kan na ruwa a matsayin maikromita ɗaya, ninka rabin faɗin furotin daga nanomita 2 zuwa 4 yana rage sauri da kimanin kashi 12 kacal. Javanainen da abokan aikinsa sun nuna a 2017 cewa a tantani mai cunkoso sosai dogaro da girma yana ƙaruwa, har saurin ya koma raguwa daidai da faɗi. Ko da haka, a lissafina babban tasirin ya fito ne daga shinge. Na ɗauka cewa dunƙule ba ya wucewa sai ƙofar da ta buɗe ta ishi dukan jelolinsa, kuma da wannan sharaɗi saurin yawo a cikin ɗaki ya ragu kaɗan, amma lokacin zama ya yi tsawo ƙwarai da zarar dunƙulen ya wuce 'yan furotin kaɗan. Wannan sakamako ya rataya ne a kan sharaɗin da na ɗauka, don haka na rubuta shi a matsayin abin da za a gwada.

2 ga Yuni, 2025

An fara haɗa sassan wuri ɗaya. Da Band 3 miliyan ɗaya a kan filin murabba'in maikromita 140, kowane ɗaki mai gefen nanomita 110 zai ƙunshi kimanin tagwaye 40, kuma kashi ɗaya cikin uku nasu zan kafe a kan layin shinge maimakon in watsa su barkatai kamar yadda na yi a watan Maris, tunda a kan ragar suke ɗaure. Damar wucewa ba za ta ƙara zama adadin da nake sawa da hannu ba: kowane gefen ɗaki zai riƙa buɗewa da rufewa da kansa, molekul kuma ya wuce idan ya iso a kan lokaci kuma turakan ba su tare shi ba. Gwajin da zai raba gardama shi ne na tirifsin. Idan na cire jela a kwaikwayo, na bar turaka da cunkoso yadda suke, ya kamata tsallakawa ta ninka kusan shida ba tare da saurin cikin ɗaki ya motsa ba. Lissafin yana da nauyi, domin taki ɗaya maikrosakan ɗaya ne, kuma ana bukatar sawu na daƙiƙoƙi da yawa kafin zango na uku ya miƙe, saboda haka wannan mako zai tafi ne wajen sake rubuta ɓangaren binciken karo, yadda kowane molekul zai duba maƙwabtan ɗakinsa da na ɗakuna takwas da ke kewaye da shi kawai.